105 Ba 10⁵ Ba Ne

Ku masu buga sakamakon gwaji da rahoton likita a kwamfuta, sakacin nan ya isa haka. Lambar da ya kamata ta hau sama kun bar ta zaune a layi, kuna ganin ai ado ce kawai.

A Limancin Kona, unguwar malamai da littattafai, yaron da ke rubutun allo ya san ɗigo ne ya raba harafin ba da na ta, kuma in ya bar shi malam zai sa ya wanke ya sake. Ku kuwa da ake biya kuɗi, takardar marar lafiya ce a hannunku, amma ko a jikinku.

Dubi gwajin fitsari. Ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi wajen cewa akwai ciwon mafitsara shi ne ƙwayoyin cuta 10⁵ a kowace mililita, wato 100,000. Kai ka buga 105. Ɗari da biyar ina, dubu ɗari ina? Haka fararen ƙwayoyin jini: a jikin babba mai lafiya suna tsakanin 4 da 11 × 10⁹ a lita, biliyoyi ke nan, sai ga shi an rubuta 109. Za ku ce likita zai gane. To, gogaggen likita a asibitin Shika ko na Ƙofar Gayan zai gane. Amma takardar nan sai ta biya ta hannun mai kemis, da ɗalibar jinya, da ɗan'uwan da ya yi boko aka ce ya duba wa Baba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne µg. A tsofaffin takardun Word, in an sa alamar da salon haruffa na Symbol, da an canza salon sai µ ta koma m. Maikurogiram ya zama miligiram, magani ya ninka sau 1,000, ba wanda ya taɓa lamba ko ɗaya. Ku rubuta mcg ku huta. Maganin ciwon daji kuma da faɗin jiki ake auna shi, mg/m², ba wurin wasa ba ne.

Lambobin ƙasa, irin na CO₂ da B₁₂, da sauƙi, ko sun zauna a layi ana fahimta. Ƙyuya ce dai.

Aikin ma nawa yake? A Word, Ctrl da Shift da + su ɗaga lamba; a tsofaffin Word, Ctrl da = su sauke ta. In za a kwafe rubutun a tura ta WhatsApp, ɗagawar zubewa take yi, don haka a rubuta 10^9.

Kai kuma Malam mai sa hannu da hatimi, kada ka laɓe bayan yaron kwamfuta. Sunanka ne a ƙasan takardar. Karanta kowane layi kafin ka miƙa ta.