Gyara Da Kuɗi, Sara Kyauta: Abin Da Ke Cinye Inuwar Kudancin Kaduna

Kowace shekara, da zarar watan Afrilu ya raba tsakiya hadari ya fara haɗowa daga gabas, hankalin magidanta da yawa a Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha ba ya kwanciya. Ba ruwan ne abin tsoro ba, iskar da ke share masa hanya ce. Ita ce ke karya reshen mangwaro ta jibga shi a kan kwanon ɗaki, ta tuge bishiyar turare ta gindaya ta a kan wayar lantarki, unguwa ta kwana cikin duhu. Washegari sai maƙwabta su taru suna jajantawa, ana cewa ai da an rage rassan tun da rani da haka ba ta faru ba. Wannan gaskiya ne. To, amma fa duk wanda ya taɓa kiran mai injin yankan itace ya ji abin da zai biya, ya san dalilin da ya sa ba a rage su ba.

Yawancin manyan itatuwan da ke wannan sashe na gari ba tsirowa suka yi da kansu ba. Dasa su aka yi, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da ke kusa da tasha, da harabar makarantu da wuraren ibada, da unguwannin da suka bunƙasa bayan an buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, sa'an nan kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Ma'aikaci ya sami fili ya yi gini, ya dasa mangwaro a tsakar gida, dalbejiya a ƙofar gida. Itatuwan nan yanzu sun ba shekara arba'in ko hamsin baya, sun kere rufin gidaje nesa ba kusa ba, saiwoyinsu sun shiga ƙarƙashin katanga da masai. Su kuwa masaƙun da albashinsu ya gina gidajen sun daɗe da yin shiru: KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Watau bishiya ta kai lokacin da take bukatar hannun gwani daidai lokacin da aljihun mai ita ya bushe.

Ba daidai ba ne a zargi masu sana'ar da zari. Rage rassan babbar bishiya a tsakiyar gidaje ba irin saran daji ba ne, inda za a kafta wa gindi gatari a ja da baya. Sai mutum ya hau, ya ɗaure kansa, ya ɗaure reshe da igiya, ya yanka shi guntu-guntu, waɗanda ke ƙasa su riƙa sassauta igiyar a hankali har guntun ya sauka bai taɓa kwanon kowa ba. Aiki ne na mutum uku ko huɗu, wani lokaci wuni guda, wani lokaci ya kwana. Injin daga ƙasashen waje ake sayo shi, haka sarƙarsa da sauran kayan gyaransa, ga shi kuwa dalar Amurka da ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Man fetur da yake sha bai kai naira 200 kowace lita ba kafin a janye tallafi ran 29 ga Mayu, 2023, amma kafin ƙarshen 2024 ya zarce naira 1,000. Bayan an gama sai an yi hayar motar da za ta kwashe ganye da ƙirare. In kuma tumɓuke kututture ake so, wannan wani ciniki ne dabam. Uwa uba, wanda ya hau ya sayar da ransa ne, ba shi da inshora, in ya faɗo iyalinsa ne za su ɗauki ɗawainiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da rabonsa a kuɗin da ake yanka wa mai gida, wanda in ma ma'aikacin jiha ne, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 72,000 ne.

A nan ne cinikin yake karkacewa. In mai gida ya ce a rage rassa kaɗai, shi zai biya, domin 'yan rassan da za a sauke ba su da wata daraja. Amma in ya ce a sare bishiyar gaba ɗaya, sau da yawa ba zai cire ko kwabo ba. Mai injin zai ɗauki icen a bakin ladansa, ya sayar wa gidajen burodi da masu faskare da masu gawayi, in madaci ne ko malaina a tsaga katako. Wani lokaci ma har a ɗan miƙa wa mai gida na goro. Wane magidanci ne, ga kuɗin makaranta ga cefane, zai zaɓi gyaran da zai ci masa albashi, ya bar saran da ba zai ci masa kome ba? Ba ƙiyayya ce tsakaninsa da bishiya ba, lissafi ne kawai. Ta haka ne inuwar da aka yi shekara hamsin ana reno take tafiya a wuni ɗaya, yara su rasa wurin wasa, tsofaffi su rasa wurin shan iska, zafin watan Maris ya sauka kai tsaye a kan kwano.

Wanda bai iya rabuwa da bishiyarsa ba, kuma bai iya biyan gwani ba, sai ya nemi na araha: wani saurayi mai adda da ƙarfin hali. Araha kuwa ba ta ado. Shi wannan ba ya bambanta reshen da ya kamata a cire da wanda ya kamata a bari, sai ya gundule kan bishiyar ya bar ta tsaye kamar turke. Ruwa ya shiga ta wurin saran, ciki ya ruɓe, gara ta samu ƙofa. Sababbin rassan da ke tohowa daga irin wannan sara ba su da riƙo mai ƙarfi a jikin uwar, saboda haka bayan 'yan shekaru su ne iska ke fara ɓallewa. An biya kuɗi an sayi haɗarin da ake gudu. Balle a ce gidan haya ne, inda mai gida yana wata unguwa, 'yan haya kuwa kowa na cewa ba shi ya dasa ba, har reshe ya auka wa ɗakin maƙwabci magana ta kai gaban mai unguwa.

A Ingila, tun shekarun 1940 doka ta ba ƙananan hukumomi ikon hana sare wata bishiya ko da a cikin gidan mutum take, masu sana'ar gyaran bishiya kuma suna da horo da takardar shaida da inshora. Ba a ce a kwafo wannan yadda yake ba, domin dokar hana sara kaɗai ba za ta haifar da kome a Kakuri ba illa saran dare da cin hanci. Mutumin da reshe ke lilo a kan ɗakin da 'ya'yansa ke kwana ba tara ce za ta tsayar da shi ba. Abin da zai tsayar da shi shi ne gyara ya zo daidai ƙarfinsa.

Wannan kuwa ba abu ne da ya fi ƙarfin hukuma ba. A zamanin En'e akwai malaman daji da kowa ya san su. Har yanzu akwai Kwalejin Tarayya ta koyon aikin gandun daji da injuna a Afaka, ba nisa da gari, wadda za ta iya ba masu injin horo na 'yan makonni kan hawa da ɗauri da inda ya kamata a yanka. Ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun, waɗanda su ne ke riƙe da waɗannan unguwanni, su yi rajistar waɗanda suka sami horon, su buga farashi bisa girman bishiya a manna a ofishin mai unguwa. Sa'an nan a riƙa bin unguwa layi-layi daga Janairu zuwa Maris, domin in inji ɗaya da mota ɗaya suka yi wa gida ashirin aiki a fita ɗaya, abin da zai faɗa kan kowane gida kaɗan ne. Kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna, wanda shi ke asarar waya da turaku in reshe ya faɗi, ya dace ya ɗauki nauyin rassan da ke kan layinsa, ya kuma ɗauke wuta a ranar aiki.

Ana kashe kuɗi kowace damina wajen bikin dashen itatuwa, manya su dasa a ɗauki hoto, akuya ta cinye kafin kaka. Ko kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi aka karkatar ga gyaran manyan itatuwan da suka riga suka tsira, ya isa a fara da Makera da Kakuri kafin iskar Afrilu mai zuwa.