Gadar Dresden da ta karye: Me ya sa zafi da sanyi ke ruɗar da na'urorin gano lalacewa?

Da misalin ƙarfe uku na daren 11 ga Satumban 2024, wani ɓangare mai tsawon kusan mita 100 na gadar Carola da ke birnin Dresden a Jamus ya rufta cikin kogin Elbe. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, amma da ƙyar aka sha, domin mintuna kaɗan kafin nan jirgin ƙasa na cikin gari ya bi ta kanta.

Binciken da Farfesa Steffen Marx na Jami'ar Fasaha ta Dresden ya jagoranta ya gano cewa igiyoyin ƙarfen da aka ɗaure a cikin kankaren gadar, wadda aka buɗe a 1971, sun daɗe suna tsagewa a ɓoye. Abin da ya ƙarasa ta kuwa har da sanyin da ya sauko kwatsam bayan kwanakin zafi.

Wannan ya sake tayar da tambayar da injiniyoyi suka shafe shekaru suna fama da ita: yaya za a gane gada ta fara lalacewa tun kafin ido ya gani?

Kowace gada na da nata kaɗawar

Duk lokacin da mota ta wuce ko iska ta kaɗa, gada na girgiza da wani sauri nata na musamman. Injiniyoyi kan manna mata na'urori masu jin motsi, su riƙa aika bayanai zuwa kwamfuta dare da rana. Idan ƙarfe ya tsage ko ginshiƙi ya nitse, gadar ta yi laushi ke nan, saurin kaɗawarta ya ragu.

A takarda abin da sauƙi. Matsalar ita ce yanayi ma yana yin wannan aikin. Duk wanda ya taɓa ganin makaɗi yana gasa fatar gangarsa a bakin wuta ya san cewa sauti kan tashi ko ya sauka ba tare da gangar ta fashe ba.

Ƙarfe da kankare na miƙewa da zafi, su takure da sanyi. Gada mai tsawon mita 100 kan ƙaru da kusan milimita 1.2 a kowane digiri ɗaya na ma'aunin Celsius. Idan zafi ya ƙaru da digiri 20 tsakanin asuba da azahar, ƙarin ya haura santimita 2. Shi ya sa ake barin 'yan gibin nan da direba ke jin tayarsa ta buga a kansu, irin waɗanda aka rufe gadar Third Mainland ta Legas a 2020 don sauya su.

Gadar da aka lalata da gangan

Gwajin da ya fi fito da girman matsalar an yi shi ne a Suwizalan, a kan gadar Z24 da ke ƙetare babban titin Bern zuwa Zurich. Da yake an riga an yanke shawarar rushe ta, masana suka sanya mata na'urori daga ƙarshen 1997, suka bi ta kusan shekara guda. Sai a ƙarshe suka fara lalata ta mataki-mataki: suka saukar da ginshiƙi, suka farfasa kankare, suka tsinka igiyoyin ƙarfe.

Sakamakon ya ba da mamaki. A lokacin hunturu, da sanyi ya sauka ƙasa da sifili, kwaltar da ke kan gadar ta sandare, saurin kaɗawar ya tashi sosai, har sauyin ya zarce wanda yawancin ɓarnar da aka yi da gangan ta haddasa. Wato lafiyayyar gada ta fi nuna "alamar ciwo" a kan wadda aka ji wa rauni.

A Amurka ma an ga irin haka. Masanan cibiyar bincike ta Los Alamos sun auna gadar Alamosa Canyon a jihar New Mexico, suka tarar saurin kaɗawarta na sauyawa da kusan kashi 5 cikin ɗari a cikin awa 24, saboda rana na gasa gefe ɗaya kafin ɗayan. A 1993 kuma, da suka riƙa yanka ƙarfen wata gada a kan kogin Rio Grande, na'urorin ba su nuna raguwa ta a zo a gani ba sai da yankan ya yi zurfi ƙwarai.

Haɗarin ta fuska biyu ne. Na'ura na iya yin kururuwa a banza, a rufe hanya, 'yan kasuwa su yi asara, har jami'ai su gaji su daina saurarenta. Mafi muni shi ne sanyi ya rufa wa tsaga asiri, lissafi ya nuna komai lafiya.

Mafitar da aka fi yarda da ita ita ce a auna zafin jikin gadar kanta a wurare da dama, sannan a bar kwamfuta ta koyi halinta na rani da hunturu kafin a amince da hukuncinta. Hakan na buƙatar aƙalla shekara guda, kuma a nan gizo ke saƙar: tsohuwar gadar da aka sanya wa na'ura yau, mai yiwuwa kwamfutar ta ɗauki ciwonta a matsayin lafiya.

A Dresden an koma sauraren gadar ne kai-tsaye. An manna wa ragowarta na'urori masu jin ƙarar tsinkewar waya a cikin kankare, kuma a farkon 2025 da suka ji sababbin tsinkewa, sai hukumomi suka dakatar da jiragen ruwa daga bi ta ƙarƙashinta. Daga baya aka rushe ragowar gaba ɗaya.