Damagaram da Zinder Gari Ɗaya Ne, A Koya Wa Na'ura

Ranar kasuwar da ta wuce, wani mai sayar da albasa ya kawo kukansa gidan rediyonmu. Ya so buɗe asusun aika kuɗi ta salula, ya cika fom har sau uku ana mayar masa. A wurin garin haihuwa ya rubuta Damagaram, na'urar kuwa Zinder kaɗai ta sani. Ranar dole ya tsallaka iyaka da kuɗinsa a aljihu, zuciyarsa na ɗar-ɗar.

Jama'a, ba na'ura ke da laifi ba. Mutum ne ke rubuta mata umarni, ya ce ga amsar da za ta karɓa. In ya ba ta guda ɗaya tak, duk wanda ya zo da wata, ko gaskiya ce, an rufe masa ƙofa.

Mu mazauna bakin iyaka mun san tambaya ɗaya kan sami amsa fiye da ɗaya. Muhammadu na Illela shi ne Mahamadou a Ƙonni. Lambar wayar Nijar alƙaluma 8 ce, wani ya sa 227 a gabanta, wani ya bari. Ta Najeriya 11 ce, amma in an fara da 234 sai a cire sifilin farko. Dubu biyar ma, wanda ya yi bokon Faransanci 5.000 zai rubuta, na Ingilishi 5,000.

Maganin ba shi da wuya. Mai tsara fom ya jera wa na'ura duk amsoshin da suka halatta, ta duba ko ta mutum tana ciki. Kafin ta duba, ta share tazarar da ta yi yawa, ta ɗauki babban baƙi da ƙarami abu ɗaya, ta san Maraɗi da Maradi ba gari biyu ba ne. In ta ƙi amsa, ta faɗi dalili, da Hausa.

Ba mu ce a karɓi kome da kome ba. Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma 10 ce. Wanda ya rubuta 9 a tsayar da shi, don kada kuɗin wani su ɓata.

Mu ma 'yan uwa 'yan kasuwa da namu aikin: mu rubuta suna yadda yake a katin shaida, harafi da harafi. Su kuma kamfanoni, kafin su fito da fom, su zo kasuwa su gwada shi da mu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.