Filin Kiwo da Iyali: Dakashi, Gadon Farko na Ɗan Maraƙi

Tun kafin a tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome a 1977, fataucin shanu na cikin sana'o'in da aka san mu da su. Har yau da yawa daga cikinmu kan sayi karsana su damƙa wa makiyayi a bayan gari, domin ta zama ajiyar iyali. Sai dai sau da yawa labari kan iso gida cewa saniya ta haihu, amma gudawa ta kashe maraƙin kafin ya cika wata guda. Haƙiƙa komai da ikon Allah yake, amma an umurce mu da riƙon sababi, kuma babban sababi a nan shi ne dakashi, wato nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa.

Masana lafiyar dabbobi sun tabbatar cewa mabiyiyar saniya ba ta barin sinadaran kariya su ratsa daga jinin uwa zuwa ga ɗan da ke ciki. Saboda haka maraƙi kan faɗo duniya kusan babu garkuwa, sai abin da ya samu a dakashi. Kuma ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. Hanjinsa ya fi tsotse waɗannan sinadarai zuwa jini cikin awa 6 na farko, daga nan ƙarfin ya riƙa raguwa, bayan awa 24 kuwa ƙofar ta rufe. Ma'aunin da likitocin dabbobi ke bayarwa shi ne kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa: maraƙi mai kilo 20 ya sha wajen lita 2 tun da wuri. Idan bai iya miƙewa ya kama hantsa ba, a wanke hannu, a tatsa cikin ƙwarya mai tsabta, a ba shi a hankali.

Dakashi na da wani amfanin kuma. Akwai wasu nau'o'in sukari a cikinsa waɗanda maraƙi ba ya narkar da su. Abinci ne na ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. Idan suka ƙoshi suka yawaita, sai su hana masu kawo gudawa wurin zama. Irin wannan abinci ne Turawa ke kira firibayotik, har kamfanoni na haɗa garinsa daga ɓawon ƙwayar yis. Gwaje-gwaje sun nuna wani lokaci yana rage gudawa, wani lokaci kuma ba a ga bambanci ba. Abu ɗaya dai tabbatacce ne: babu garin da zai maye gurbin dakashin ranar farko. Don haka kafin mu kashe sefa a kan garin kanti, mu fara tambayar makiyayi: yaushe maraƙin ya fara sha? Mu kuma roƙe shi kada a tatse wa gida nonon kwanakin farko.

Suratun Nahli, aya ta 66, ta ja hankalinmu ga darasin da ke cikin nonon dabbobi, to bari mu kawo darasin cikin gida. A wasu gidajenmu har yanzu ana matse dakashin mai jego a zubar, wai ƙazanta ne, a ba jariri ruwa. Jaririn ɗan Adam yakan samu wani kaso na kariya tun yana ciki, duk da haka dakashi na kare masa hanji daga cututtuka. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke ba da shawarar a sa jariri a nono cikin awa guda da haihuwa. Muna roƙon iyayenmu mata da ungozomomi, cikin girmamawa, su duba wannan magana.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya albarkaci dukiyarmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.