Kafin ka shimfiɗa tabarma, nemi sawun dorina

Sana'ata sarin banda. Daga Mubi nake tashi in nufi madatsar ruwa ta Kiri da ke ƙaramar hukumar Shelleng, in kwana biyu ko uku a tungar masunta kafin kayana su haɗu. Mu 'yan Mubi mun taso ne a bakin Yedzaram, kogin da rani ke mayarwa yashi da 'yan kududdufai, don haka yawancinmu ba mu san halin babban ruwa ba.

Zuwana na farko, na ga wani fili mai laushi a bakin ruwa, na shimfiɗa tabarma. Wani dattijo Basarke ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗana, tashi ka duba abin da ka kwanta a kai." Na ce, "Baba, ai hanya ce." Ya nuna mini sawu mai yatsu huɗu, faɗinsa kamar faifai, da kashin da aka watsa a jikin ciyayi. Ta nan dorina ke fita kiwo bayan magariba, ta nan kuma take komawa da asuba. Da na kwana a wurin, da na shiga tsakaninta da ruwa, kuma ba abin da ke tunzura ta kamar wannan.

Kallon kitse muke yi wa rogo idan muka ɗauka wannan dabba nauyin jiki ya hana ta sauri. Namijinta yakan kai kilo 1,500, amma a tudu tana gudun kusan kilomita 30 a awa. Takan nutse har minti 5 ba ta leƙo ba, sannan ta taso a ƙarƙashin kwale-kwale. Buɗe bakin da muke cewa hamma, gargaɗi ne. Mai ɗa kuwa ba a matsa mata ko kusa.

An kammala Kiri a 1982 a kan kogin Gongola domin ban ruwan gonakin rake na Numan, dorinai suka samu mazauni. Yanzu noman rani ya cinye ciyawar bakin ruwa, ambaliya kuma tana koro su cikin gonaki, kamar yadda mutanen Guyuk da Shelleng suka gani a daminar 2025. A Yawuri ma, a 2024, sai da dorina ta yi kisa aka fita farautarta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba ma motsi sai an yi rashi. Samari da yawa rashin aiki ya tura su kamun kifi, sun sayi taru da fitila, amma ba su taɓa zama gaban Sarkin Ruwa ba. Ina roƙon ƙananan hukumomi su haɗa kai da sarakunan ruwa, a kafa alama a kan hanyoyin dorina, a hana baƙo shiga ruwa da dare sai da ɗan gari, a kuma riƙa sanarwa a rediyo da Hausa da Fulatanci duk lokacin da za a saki ruwa.

Kai kuma ɗan'uwana masunci, ka kafa bukkarka a tudu, nesa da sawu. Ka riƙa bubbuga gefen jirgi don ta san da zuwanka. In ta taso, bar mata tarun, a kasuwa ake sayen wani. Tsoro na daji ne, kuma wanda ya koma wa iyalinsa da ƙafarsa ba shi da abin jin kunya.