A Fara Sallama Kafin a Jefa Tambaya

A watan Maris na 2021 aka yi ƙidayar jama'a a Ingila da Wales, kuma kusan gidaje 89 cikin 100 da suka amsa, ta intanet suka amsa. Sai dai gayyatar kanta wasiƙa ce ta takarda, aka kai ta har ƙofar gida ɗauke da lambar shiga. Wanda ya yi shiru kuwa, ma'aikata suka bi shi suna ƙwanƙwasa ƙofa. Gaskiya ne doka ta tilasta amsawa, amma hukumar ƙidayar ba ta tsaya ga doka kawai ba.

Inda babu tilas, labarin daban ne. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka tana samun amsar kashi 36 cikin 100 ta tarho a 1997. Zuwa 2018 abin ya faɗo zuwa kashi 6, domin mutane sun gaji da kiran baƙuwar lamba.

A nan gida ma haka take, har da ƙari. Ɗalibi ya shirya tambayoyinsa a Google Forms, ya jefa a zauren WhatsApp da "don Allah a taimaka a cike". Wanda 'yan damfara suka taɓa aika wa saƙon tallafin bogi ba zai taɓa fom ɗin ba. Mai ƙarancin data ya wuce. Manomi mai ƙaramar wayar madanni bai ma gani ba, balle matar da wayar gidan ke aljihun maigida. A ƙarshe abokan ajin ɗalibin ne za su cike, shi kuma ya rubuta cewa ra'ayin jama'ar gari ya ji.

Ga wani misalin da ya fi kusa. Lokacin korona a 2020, Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya da Bankin Duniya sun zaɓi gidaje 3,000 don tattaunawa ta waya, 1,950 suka amsa a zagayen farko. Gidajen sun san masu kiran, don ma'aikatan hukumar sun ziyarce su a 2018 da 2019, a nan aka karɓi lambobin.

Saboda haka malaman jami'a da ƙungiyoyin da ke biyan kuɗin bincike su riƙa tambaya: ta wace hanya aka tuntuɓi mutane, sau nawa aka tuna musu, nawa aka gayyata, nawa suka amsa? Rahoton da bai faɗi waɗannan ba, kada a sa masa hannu.