Zauren Iyali: Wa Aka Fara Yi wa Albishir?

Ga Disamba ta kama, hunturu ya sauko, teloli ba su barci, mata kuma sun fara lissafin kwanukan shinkafar da za a aika gida gida ran Kirsimeti. Kafin a rufe lissafin nan, ina roƙon kowane maigida ya tara iyalinsa da dare ya karanta musu Matiyu sura 1. Na sani mukan tsallake ta, wai sunaye ne kawai, wane ya haifi wane. Ni ma na daɗe ina tsallakewa.

Amma ku duba. Cikin jerin kakannin Yesu, ban da Maryamu, an ambaci mata 4, ba Saratu a ciki, ba Rifkatu. Akwai Tamar, wadda ba a cika karanta labarinta a gaban yara ba. Akwai Rahab, karuwar Yariko. Akwai Rut mutuniyar Mowab, alhali Maimaitawar Shari'a sura 23 ta hana mutanen Mowab shiga taron jama'ar Ubangiji har tsara ta 10. Ta huɗu ko sunanta ba a kira ba, sai aka ce matar Uriya, shi Uriya kuwa Bahitte ne. A wurinmu in ana neman aure har kakanni ake tonowa, gidan da ke da irin wannan asali kuwa rufa-rufa zai yi. Allah bai rufe ba. A shafin farko na Sabon Alkawari ya sa aka rubuta.

To, daren haihuwar fa? Urushalima na nan, nisanta da Baitalami kamar mil 6 ne, ga haikali, ga manyan firistoci. Mala'ika ya wuce su duka ya tafi saura, wurin masu kwana a fili suna tsaron garke. Su aka fara gaya wa. Daga baya masanan taurari suka zo daga gabas, baƙi, ba Yahudawa ba. (Ba a faɗi su nawa ba ne, kyautai ne 3, zinariya da lubban da mur.) Da Hirudus ya tambaya, malaman Attaura suka ba shi amsa daidai daga littafin annabi Mika, cewa a Baitalami ne. Sun san ayar sarai, amma ba mu karanta cewa ko ɗayansu ya ɗaura takalmi ya bi baƙin ba. Wannan yana ba ni tsoro, gama mu masu Littafi a hannu mun fi kama da su.

Wata shekara a ƙauyenmu muna cikin sujadar Kirsimeti, zumuntar mata na waƙa, sai ga wani yaron Fulani, sanda a kafaɗa, ya tsaya bakin taga yana saurare. Wani dattijo ya fita ya kore shi. Ba zan yi wa dattijon nan hukunci ba, gama a kakar shekarar shanu sun cinye masa dawa, ba wanda ya biya shi ko anini. Akwai kuma gidaje cikin masu karanta wannan shafi da suka yi hasarar abin da ya fi dawa nesa, har rai. Ba na cewa ku manta, ko ku bar neman hakkinku. Amma yaron nan bai kai shekara 12 ba. Muka koma muka ci gaba da karatun Luka sura 2, labarin makiyaya, alhali makiyayi ɗaya tak da ya zo mana mun kore shi. Ina zaune kusa da tagar, ban ce uffan ba. Har yau abin na cina.

Ku tuna kuma, Jaririn kansa baƙunci ya yi. Ba wuri a masauki, aka kwantar da shi a komin dabbobi, daga baya Yusufu ya tashi da dare ya gudu da shi da uwarsa Masar, ƙasar wani harshe dabam. Wani ne can ya buɗe musu ƙofa, ba mu ma san sunansa ba.

Bana na ce wa uwargida ta ƙara mudu 2 a kan shinkafarmu. Kwano ɗaya na rugar da ke bayan rafi, ɗaya na gwauruwar nan da ta gudo da 'ya'yanta take haya a bayan layinmu. Ba yara zan aika ba, da ƙafata zan kai.